GADABEJI: TSIBIRIN ITATUWA, MAFAKAR TSUNTSAYE

Arewa da Dakoro, cikin jihar Maraɗi, akwai gandun dajin Gadabeji, mai faɗin hekta 76.000, wanda aka keɓe tun shekara ta 1955. Duk da haka, mariri da jimina sun ɓace daga cikinsa saboda farauta da fari. Kowa ya lura da ɓatan waɗannan manya. Ƙananan tsuntsaye masu zaƙin kuka kuwa, in sun ragu ba mai cigiyarsu.

Da yawa cikinsu baƙi ne. Suna ƙetaro teku da Hamada daga ƙasashen Turai da kaka, su yi ɗari cikin gawo da aduwa da kandili, su koma gida da bazara. Abincinsu ƙwari ne da tsutsa da ƴaƴan itace. Ba su ɓarnar hatsi kamar jan baki.

Farin da ya soma a 1968 ya nuna yadda ransu yake rataye ga itatuwan Sahel. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka tarar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da wajen kashi 3 cikin 4. Bincike ya nuna farin Sahel ne ya hallaka shi.

Amma ɓarna tana gyaruwa. A ƙasar Seshel, cikin tekun Indiya, akwai wani ɗan tsuntsun kurmi da babu irinsa ko'ina a duniya. Aka sare kurminsa aka dasa kwakwa, har ya zamana waɗanda suka rage ba su kai 30 ba, dukkansu bisa ɗan tsibirin Kuzan. A 1968 wata ƙungiyar kare tsuntsaye ta sayi tsibirin, ta bar itatuwan asali suka sake tohowa. Da tsuntsayen suka hayayyafa aka kai su wasu tsibirai huɗu, har yawansu ya kai wajen 3.000.

Gadabeji ma tsibiri ne, sai dai makiyaya da gonaki ne suka kewaye shi maimakon ruwa. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren kare halittu a 2017, kuma a 2018 aka kawo masa raƙuman dawa 8 daga Kure.

Sai dai tsuntsu bai san iyakar gandu ba. Yana bukatar itace har cikin gonaki. Maganin kuwa sananne ne a jihar Maraɗi. Tun bayan farin 1984 manoma suka kama sassaben zamani, watau barin tohon kututture ya girma maimakon a sare shi. Da wannan dabara miliyoyin itatuwa suka sake tsayawa a Nijar.

Saboda haka wajibi ne ma'aikatan gandun daji, da sarakuna, da manoma, da makiyaya su haɗa kai wajen hana saran ɗanyen itace da gobarar daji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.