Farfaɗo da Mafitsara da Lantarki Bayan Raunin Laka

Idan mutum ya yi hatsari lakar bayansa ta tsinke, shanyewar ƙafafu ce jama'a suke gani. Amma da yawa daga cikin masu wannan lalura, in an zauna da su, zancen fitsari za su fara yi, domin shi ke hana su shiga mutane, shi ke kuma cinye ƙoda a ɓoye.

Mafitsara jaka ce ta tsoka mai ɗaukar kusan rabin lita, a bakinta kuma akwai wata tsoka mai zagaye da ke riƙe fitsari. Jijiyoyin da ke sarrafa su suna fitowa ne daga can ƙasan laka, waɗanda likitoci ke kira S2, S3 da S4. A mai lafiya, jakar tana matsewa a daidai lokacin da bakin ke sakewa, bisa umarnin ƙwaƙwalwa. Idan laka ta tsinke a sama, umarnin ba ya isowa. Sai jakar ta riƙa matsewa da kanta alhali bakin yana rufe gam, fitsari ya koma sama ya danne ƙoda. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarin sojojin da suka samu wannan rauni ba su daɗe ba, kuma ciwon mafitsara da na ƙoda na cikin manyan abubuwan da suka kashe su. Ludwig Guttmann, wanda ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, shi ya yaɗa dabarar zura robar fitsari lokaci-lokaci a cire. Har yau ita ce madogarar yawancin majinyata.

Giles Brindley, wani masanin aikin jijiyoyi a Landan, ya lura cewa jijiyoyin ƙasan nan suna nan da ransu, mai ba su umarni kawai suka rasa. A 1976 ya fara dasa wa mutane na'urarsa. Ana ɗaura 'yan wayoyi a saiwar jijiyoyin, a haɗa su da wani ɗan faifai da ake binnewa ƙarƙashin fata. Idan majinyaci zai yi fitsari, sai ya ɗora wani ƙaramin akwati a kan wurin ya danna.

Sai dai lantarkin yana matse jakar da bakinta a tare, kamar mai tura ƙofa da hannu ɗaya yana riƙe da sakata da ɗayan. Brindley ya warware wannan da hikima mai ban sha'awa. Tsokar bakin tana sakewa nan take da zarar an ɗauke wuta, ita kuwa ta jakar tana da nawa, sai ta ci gaba da matsa na ɗan lokaci. Don haka na'urar ke ba da wuta na 'yan daƙiƙu, ta tsaya, ta sake. A cikin wannan tsaiko ne fitsari ke fita, guntu-guntu, har jakar ta ƙare. Wasu ma ta taimaka musu wajen bayan gida.

Aikin yana da farashi mai nauyi. Domin mafitsara ta daina matsewa da kanta, galibi sai an yanke jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga ƙugu zuwa laka, kuma ba a mayar da su. Namiji kan rasa ƙarfin gaban da ya rage masa, duk ɗan jin da ya saura a wurin shi ma ya tafi. Bai kamata likita ya ɓoye wa saurayi ko magidanci wannan ba, ko ya faɗe shi a gurguje.

Akwai hanyoyi masu sauƙi da ba a yanke jijiya ko ɗaya. Emil Tanagho da Richard Schmidt sun yi aiki a San Francisco kan sanya waya guda kusa da S3, tana ba da wuta kaɗan-kaɗan dare da rana don kwantar da mafitsara. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'urar InterStim mai yin wannan aiki a 1997, kuma ta fi amfani ga wanda lakarsa ba ta tsinke gaba ɗaya ba. Wata hanyar ta idon sawu ce, inda wata jijiya ke wucewa wadda tushenta ke haɗuwa da na mafitsara. Akan tsira siririyar allura a wurin na minti 30, sau ɗaya a mako, har mako 12.

A Jami'ar Louisville kuma, masu dasa wayoyi a kan lakar kanta don taimaka wa shanyayyu su tsaya sun ga mafitsarar wasu ta gyaru. Mutane ƙalilan aka gwada a kansu, saboda haka wannan yana matakin bincike tukuna.