Jeruwa da kai: yadda molekil ke shimfiɗa yana a kan ruwa da ƙarfe, da matsalar ba abin suna da Hausa

Duk wanda ya ratsa unguwar Bobiel da damana ya san kududdufan da ke kwanciya a kan hanya, kuma ya taɓa ganin launuka irin na bakan gizo a inda baƙin mai na masu gyaran babur ya zuba cikinsu. Daga nan za mu fara bayanin abin da masana kimiyya ke kira auto-assemblage da Faransanci, kalmar da ɗalibai biyu suka nemi in fassara masu, na kuwa kasa a take. Mai karatu ya yi mana uzuri, fanninmu harshe ne. Amma ba a raɗa wa abu suna sai an san kamanninsa.

Man da ke ba da launi yana da kauri, ɗaruruwan nanomita, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Idan man ya ci gaba da bazuwa, sai launin ya ɓace, alhali man yana nan. A 1774 aka buga labarin Benjamin Franklin, wanda ya zuba ƙaramin cokali guda na mai a wani tafki a Clapham, kusa da Landan, ya ga ruwan ya lafa a fili mai kusan murabba'in mita 2000. A 1890 Lord Rayleigh ya auna kaurin irin wannan shimfiɗa da man zaitun, ya sami nanomita 1,6. Shekara guda bayan haka mujallar Nature ta buga wasiƙar Agnes Pockels, wata Bajamushiya da ba ta shiga jami'a ba, wadda ta fara nazarinta a kan ruwan wanke-wanke. Irving Langmuir ne, a 1917, ya tabbatar da dalili: kaurin molekil guda ne tak.

Ga yadda abin yake. Molekil na sabulu da na wasu sinadaran mai suna da kai da wutsiya. Kan yana son ruwa, wutsiyar tana gudunsa. Da sun sauka a kan ruwa, kowane sai ya tsoma kai ciki ya ɗaga wutsiya sama, idan kuma aka matse su sai su tsaya kafaɗa da kafaɗa kamar karan darni. Ba wanda ya jera su ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsayuwa ita ce mafi sauƙi gare su, kamar yadda ruwa ke bin gangare.

Katharine Blodgett, abokiyar aikin Langmuir a kamfanin General Electric, ta nuna a 1935 cewa in an tsoma gilashi an fid da shi a hankali, kowace shiga da kowace fita tana ɗauko hawa guda, kai da kai, wutsiya da wutsiya. Da hawa 44 ta yi gilashin da ba ya ƙyalli. To amma nan akwai hannun mutum. A 1983 Nuzzo da Allara, a Amurka, suka jiƙa zinariya cikin ruwan sinadari mai farar wuta: farar wutar ta kama zinariyar, wutsiyoyin suka miƙe suka jeru, da hawa guda ya cika sai aikin ya tsaya, don babu sauran gurbi. A farkon shekarun 1990 Gero Decher, wanda daga baya ya koma Strasbourg, ya kawo hanyar tsoma abu bi da bi cikin ruwa biyu masu kishiyar cajin lantarki, kowane hawa yana jawo na bisansa.

Yanzu sai suna. Fassarar da ke fara zuwa baki ita ce «haɗa kai». A ganinmu ba ta dace ba. Bahaushe ya riga ya ba ta aiki: manoma ke haɗa kai, ƴan siyasa ke haɗa kai, kuma a cikinta akwai shawara da niyya. Ɗalibin da ya ji molekil sun haɗa kai zai ɗauka sun yi taro. Nahawunmu yana da abin da ya fi wannan, wato aikatau masu ƙarewa da -u, rukuni na 7 a tsarin Parsons na 1960: tara da taru, shirya da shiryu, jera da jeru. Sai dai a lura, «nama ya dafu» bai kore mai dafawa ba, ya dai ɓoye shi. Gilashin Blodgett ma ya jeru. Saboda haka dole a ƙara «da kai», a ce «jeruwa da kai», don a raba zinariyar 1983 da gilashin 1935.

Ga couche kuwa muna ba da shawarar «yana», irin wadda ke kwanciya a kan dafaffiyar madara ko kunu in ya huce. Monocouche ta zama «yana mai hawa ɗaya», multicouche «yana mai hawa-hawa». Aibinta guda ne, kuma na rubutu ne: tun da ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali, «yana» ta madara da «yana» ta «yana zuwa» kamarsu ɗaya a takarda. Jimla ce kawai ke raba su.

Wani zai ce wannan magana ta Turai ce. Mu koma kududdufi. Tsutsar sauro tana rataye ne a fatar ruwa don ta shaƙi iska. Akwai magunguna, irin su Aquatain, da ke bazuwa da kansu su zama yana siririya ƙwarai, su rage ƙarfin fatar ruwan har tsutsar ta kasa riƙewa ta nutse. An gwada shi a gonakin shinkafa a Kenya. Kaɗan daga cikinsa ke rufe fili babba, saɓanin baƙin mai da ke ɓata ruwa da ƙasa. Tun shekarun 1950 kuma aka gwada irin wannan yana a madatsun ruwa na Ostareliya don rage ƙafewa, abin da ya shafe mu, mu da rana ke shanye fiye da mita biyu na ruwa a shekara. Abin da ya fi damun masu gwajin shi ne iska, wadda ke tura yanar gefe guda. In iskar ta kwanta yanar takan koma ta jeru, amma da hunturu a Yamai iska ba ta cika kwanciya da rana ba.