Baƙi sun nufo Abuja, sun sauka Yangoji: ƙarshen makon ma'aikaci da danginsa

Idan aka ce wa mutanen gida a Katsina ko Zariya ɗansu yana aikin gwamnatin tarayya a Abuja, abin da ke zuwa zukatansu shi ne Maitama da Asokoro. Sai ranar da suka kawo ziyara su gane cewa Abuja suna ne mai faɗi. Motar da ta ɗauko su za ta ajiye su a Zuba, su sake hawa wata zuwa Gwagwalada, daga nan su bi hanyar Lokoja, su wuce garin Kwali, kafin su isa Yangoji, inda ɗan nasu ke haya.

Yangoji ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Kwali, mahaifar Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan takardar naira 20. Gari ne na manoma da 'yan kasuwar bakin titi, amma ƙananan ma'aikata sun daɗe suna gangarowa irin waɗannan garuruwa. Tun da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus na gida kuɗi a 2003, aka kuma sayar da gidajen gwamnati a shekarun da suka biyo baya, ma'aikaci ya koma neman muhalli da aljihunsa. Hayar cikin birni, wadda ake biya ta shekara guda a dunƙule, ta fi ƙarfin mafi yawansu. Wanda ya zaɓi nesa ya sami sauƙin haya, ya biya bambancin da kuɗin mota da sammako.

Baƙi kan iso da yammacin Juma'a, ɗauke da tsarabar da ba ta canzawa: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, man shanu, wani lokaci da ɗan buhun gero. Nan take tsarin gida ke juyawa. Yara su koma falo, maigida ya bar wa kawu ɗakinsa, uwargida ta ɗora babbar tukunya. A daren farko ba a maganar kuɗi. Gaisuwa ce da labarin gida: wa ya rasu, wa aka aurar, yaya damina ta yi.

Asabar ce ranar da ainihin dalilin zuwan ke fitowa, yawanci bayan la'asar, idan an shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kawu zai gyara murya ya ce, “Wato, ɗana, akwai 'yar magana.” Ƙane ya gama bautar ƙasa yana zaune, ga takardunsa a ambulan. Gwaggo na son ganin likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Akwai bikin da ke tafe, akwai rufin ɗaki da iska ta yaye. A idon dangi, duk wanda ke shiga Sakatariyar Tarayya kowace safiya yana da wanda zai yi wa magana.

A nan ne ma'aikaci ke shiga tsaka mai wuya. Ɗaukar aiki yana hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya, wadda kan buɗe shafinta na intanet idan akwai gurabe, kuma ɗan mataki na 8 ko hadimin wani mai muƙami ba shi da ikon sa sunan kowa. Albashin ma bai kai yadda ake zato ba. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a Abuja cikin Oktoba 2024. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, amma kuɗin mota da na abinci sun riga shi yin gaba. Kwana biyu na ciyar da ƙarin baki huɗu, da kaza, da man janareta, da kuɗin motar komawa, na iya cinye abin da aka ware wa mako biyu.

Hanya biyu ce a gaban mai masauki. Wasu kan ci bashi a ƙungiyar adashin ofis ko wurin mai shago don kada a ce sun gaza, su karɓi ambulan ɗin su ce za a duba, alhali sun san ba inda za su kai shi. Baƙi su koma da fata, bayan wata shida fatan ya zama ƙorafi, a fara cewa wane ya samu wuri ya manta da gida. Wasu kuma kan zaunar da kawu su faɗa masa adadin albashin, su lissafa haya da mota da makarantar yara, sannan su yi abin da ke cikin ikonsu: su taya ƙane cike fom a waya, su raka gwaggo asibiti da sassafen Litinin. Maganar tana da nauyi a baki, amma dattijon da ya ga nisan Yangoji da idonsa, ya ji ƙarfe nawa ɗansa ke fita, ba ya rasa fahimta.

Ranar Lahadi da hantsi ake rakiya zuwa bakin titi, domin kowa na gudun tafiyar dare a kan hanyar. A sayi doya a zuba a buhu, a damƙa wa kawu abin da ya sawwaƙa, shi kuma ya sa albarka. Hausawa na cewa zumunci a ƙafa yake, kuma baƙin sun sauke nasu nauyin da suka tako. Abin da ya rage wa mai masauki shi ne kada su koma gida da labarin Abujar da ba ita yake zaune a ciki ba.