Foye Oluokun: An Zaɓi Mutum 199 Kafin Shi

Mu da muka tashi muna kallon kokawa bayan kaka a Sukuntuni da sauran ƙauyukan Kankiya da Kusada mun san cewa ƙarfi kaɗai ba ya kayar da ƙato, sai an haɗa da dabara. Akwai wani wasa a Amurka da ke biyan mutum miliyoyin daloli don ya riƙa kayar da ƙarti. Ƙwallon ƙafa suke ce masa, amma da hannu ake rungumar ƙwallon a ruga da ita, siffarta ma kamar ƙwai.

Kowane ɓangare mutum 11 ne. A cikin masu tsaron gida akwai wanda ake kira lainbaka. Yana tsayawa a bayan sahun gaba, yana karantar motsin abokan hamayya, ya gane inda ƙwallo za ta bi kafin ta bi, sannan ya tari mai ɗauke da ita ya kai shi ƙasa. Idan ya yi kuskuren karatu da daƙiƙa ɗaya, an wuce shi.

Foyesade Oluokun na cikin gwanayen wannan aiki. An haife shi a 1995 a birnin St. Louis, iyayensa 'yan Najeriya ne. Ya karanta tattalin arziki a Jami'ar Yale, makarantar da aka fi sani da boko, ba da ƙwallo ba. Masu farautar 'yan wasa ba su damu da shi ba; ko taron gwajin da gasar NFL ke shiryawa duk shekara ba a gayyace shi ba. A zaɓen 2018 sai da aka ɗauki mutum 199 kafin ƙungiyar Atlanta Falcons ta kira sunansa.

A kakar 2021 ya yi kaye 192, ya fi kowa a gasar. Jacksonville Jaguars suka ɗauke shi kan dala miliyan 45 na shekara uku, ya sake zuwa na ɗaya a 2022 da 184.

Kuɗin na da daɗin ji, amma mu dubi kowane kayen nan: karo ne da ƙato mai gudu. Duk da hular kwano, ana samun buguwar ƙwaƙwalwa da tsinkewar jijiyar gwiwa, kuma da yawa ba sa wuce shekara uku ko huɗu a gasar. Ranar da jiki ya ce ya gaji, Foye na da takardar digirinsa ta Yale a ajiye.