Dunƙulen nama a tukunyar matsi: nama kaɗan ya ishi gida duka

A gidaje da yawa rabin kilo na nama ba ya kai wa ga kowa. Manya su ɗauki tsoka, a bar wa yara romo da ƙashi. Yaro ƙarami ba ya iya tauna tsoka, tsohuwar da haƙoranta suka zube ita ma haka. Alhali yaro da mace mai ciki da mai shayarwa su ne suka fi kowa bukatar naman.

Akwai dabarar da ke raba nama daidai. A daka shi, a haɗa shi da kayan yaji, a dunƙula ƙanana-ƙanana, a dafa cikin miya. Shi ne dunƙulen nama, wanda mutanen birni ke kira bulet. Rabin kilo yana ba da dunƙule kamar 20. Sai dai dakakken nama yana da sharaɗi guda: dole ya dahu har cikin tsakiyarsa. A nan ne tukunyar matsi ke da amfani, don tana dafa shi sarai cikin ƴan mintoci, da wuta kaɗan.

Amfanin nama ga jiki

Nama yana gina jiki, kuma yana ɗauke da sinadarin ƙarfe wanda jiki ke yin jini da shi. Wake da ganye irin su zogale su ma suna da wannan sinadari, amma na nama ya fi saurin shiga jiki. Kuma idan an ci nama kaɗan tare da wake ko ganye, yana taimaka wa jiki ya ƙara tsotsar ƙarfen da ke cikinsu. Rashinsa shi ke kawo ƙarancin jini: kasala, jiri, da fari a cikin fatar ido da tafin hannu. Saboda haka dunƙule ɗaya ko biyu a kwanon yaro ba ƙaramin abu ba ne.

Me ya sa dakakken nama ya fi bukatar kula?

Akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Suna hawa kan nama daga wuƙa, da hannu, da ƙuda, da teburin mahauci. A gutsuren tsoka, yawancinsu a waje suke, kuma wuta tana fara cin wajen. Amma idan aka daka nama a turmi ko aka niƙa shi a inji, abin da ke waje ya koma ciki. Dunƙule yana iya soyuwa ya yi kyau a ido, alhali tsakiyarsa ɗanye ne. Wanda ya ci shi haka yana iya kamuwa da zawo da amai da zazzaɓi, kuma zawo yana saurin kayar da ƙaramin yaro. Naman shanu da bai dahu ba yana kuma iya sa tsila a ciki.

Zafin ƙasarmu yana ƙara haɗarin. A watannin Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40 a Tawa da Damagaram da Maraɗi da Yamai. A cikin ɗumi, wasu ƙwayoyin cuta suna ninka yawansu kowane minti 20. Don haka ba a daka nama da safe a ajiye shi sai marece. A daka, a dunƙula, a dafa nan take.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce abinci ya kai zafin digiri 70 har cikinsa, sannan hankali ya kwanta da shi.

Yadda tukunyar matsi ke aiki

Tukunyar matsi ita ce wadda ake kira kokot-minit da Faransanci. Murfinta yana ɗaurewa tam, da zoben roba a bakinsa, tururi ba ya samun hanyar fita sai ta ƙaramar kafa guda a saman murfin. A kan kafar akwai ɗan ƙarfe mai nauyi wanda ke juyawa ko yin fito idan tururi ya yi ƙarfi.

A tukunyar da muka saba da ita, ruwa yana tafasa a digiri 100. Kome yawan iccen da aka tura, zafin ruwan ba ya wuce nan, sai dai ruwan ya ƙone. A tukunyar matsi kuwa, tururin da aka tsare yana danne ruwan, sai zafinsa ya hau har wajen digiri 110 zuwa 120. Wannan ƙarin zafi shi ke sa abinci ya nuna da wuri. Abin da ke cin awa guda a tukunyar gida yana iya dahuwa cikin minti 20 ko 30. Ribar a fili take: icce ko gawayi ko gaz kaɗan, kuma uwargida ba ta daɗe cikin hayaƙi ba.

Dabarar tsohuwa ce. Wani masani Bafaranshe mai suna Denis Papin shi ya ƙera irinta ta farko a shekarar 1679. Kamfanin SEB na Faransa ya fitar da tasa ta gida a 1953.

Sayen nama

A sayi naman da aka yanka a ranar, a wurin da likitan bisashe ke duba nama ya buga masa hatimi. A zaɓi tsokar sa ko ta rago ko ta akuya, mai ɗan kitse kaɗan, don dunƙulen da ba kitse ko kaɗan yana yin tauri. Kada a sayi nama mai wari, ko mai yauƙi, ko wanda launinsa ya juya.

Kada a taɓa naman mushe, ko na bisar da aka yi wa yankan gaggawa don ciwo ya kayar da ita. Ciwon saifa yana kama mutum tun wajen fiɗa da yanka, kafin a kai ga tukunya. Kuma wasu ƙwayoyin cuta suna barin dafi a cikin nama wanda tafasa ba ta kashewa. Tukunyar matsi ba ta gyara naman da ya lalace.

Kayan haɗi, na mutum 6 zuwa 8

Na dunƙule:
Nama rabin kilo
Albasa 1 matsakaiciya
Tafarnuwa ƙwara 3
Ƙwai 1
Garin gero ko na alkama cokali 3, ko gutsuren burodi da aka jiƙa aka matse
Citta da masoro da gishiri kaɗan-kaɗan

Na miya:
Man gujiya cokali 3
Albasa 2
Tumatir 5, ko busasshe da aka daka
Tattasai 2, da tonka gwargwadon bukata
Daddawa kaɗan
Ruwa rabin lita

Yadda ake yi

1. A wanke hannu da sabulu. A wanke turmi da taɓarya da wuƙa da ruwan zafi da sabulu. Turmin gida mai tsabta ya fi injin kasuwa wanda ba a san yaushe aka wanke shi ba.

2. A cire jijiya da tantani, a yanka naman ƙanana. A daka shi tare da albasa da tafarnuwa da citta da masoro da gishiri, har ya yi laushi ya kama kansa.

3. A juye a kwano, a fasa ƙwai, a zuba gari, a cuɗa. Ƙwai da gari su ne ke riƙe dunƙule kada ya watse a miya. Garin kuma yana ƙara auki.

4. A shafa mai a tafin hannu, a dunƙula kowane kamar girman babban goro. Su zama girma ɗaya, don su dahu tare.

5. A sake wanke hannu da turmi da kwanon da ɗanyen nama ya taɓa. Kada a zuba dafaffen abinci a wannan kwano sai an wanke shi.

6. A ɗora tukunyar a buɗe, a zuba mai. A soya dunƙulen sama-sama, kashi biyu, har bayansu ya yi ja-ja, a kwashe. Wannan suya ba dahuwa ba ce, don su kama jikinsu ne kawai.

7. A soya albasa da tumatir da tattasai a cikin man. A zuba ruwa da daddawa. A kankare gindin tukunya da muciya, kada wani abu ya kama ya ƙone. A mayar da dunƙulen a hankali.

8. A rufe murfi, a ɗaure shi daidai, a sa ɗan ƙarfen a kan kafarsa. A ba ta wuta sosai har ta fara fito.

9. Da ta fara fito, a rage wuta. In icce ne, a janye wasu. In gaz ne, a mayar da shi ƙasa. Ƙaramar wuta ta isa ta riƙe fiton. Daga nan ake fara ƙirga lokaci: minti 10.

10. A sauke, a bar ta ta huce da kanta kamar minti 10 zuwa 15. A ɗan ɗaga ƙarfen da cokali. In ba tururin da ke fita, sai a buɗe, a karkata murfin nesa da fuska.

11. A ɗauki dunƙule mafi girma a raba shi biyu. Tsakiyarsa ta kasance da zafi ƙwarai, ba ja, ba ruwan jini. In akwai shakka, a ƙara tafasa shi a buɗe.

Ana ci da shinkafa, ko tuwo, ko taliya, ko dambu.

Dokokin tukunyar matsi

Tururin da ke cikinta ya fi ruwan zafi ƙuna. Wanda ya kiyaye waɗannan dokoki ba abin da zai same shi.

Kafin a ɗora, a ɗaga murfin sama a leƙa kafar tururi. In ba a ga haske ta ciki ba, ta toshe. A share ta da tsinke a wanke.

A duba zoben roba. In ya tsage, ko ya bushe ya yi tauri, ko tururi na fita ta gefen murfi, a sake sabo daidai da bakin tukunyar.

Akwai kafa ta biyu, ta tsaro, wadda ke buɗewa idan ta farko ta toshe. Kada a taɓa like ta da ƙusa ko icce ko dalma. Wanda zai sayi tsohuwar tukunya a kasuwa ya fara duba wannan wuri.

Kada a cika ta. In an raba cikinta kashi uku, abinci da ruwa kada su wuce kashi biyu. In wake ne ko shinkafa, kada su wuce rabi, don suna kumbura suna kumfa.

Kada a ɗora ta a rufe ba ruwa. Ko yaushe a sa aƙalla rubu'in lita. Ba a kuma suya da mai a cikinta murfi a ɗaure.

Kuka da kuɓewa da kunu ba a dafa su a rufe, don kauri da yauƙi suna toshe kafar. Mai son miyar kuka ya bari sai an buɗe, sannan a kaɗa.

Ba a sa kanwa. Tana cin tukunyar sanholam, kuma ba a bukatarta, tun da zafi kaɗai yana sa nama da wake su yi laushi.

Wuta ta tsaya a gindin tukunya. In harshenta ya hau gefe, zai ƙone hannuwa da roba. Gaz, ko gawayi, ko ingantaccen murhu irin Mai Sauƙi sun fi murhun duwatsu uku dacewa da ita.

Kada a buɗe murfi da ƙarfi. In ya ƙi buɗuwa, alama ce da sauran tururi. A jira. Kuma a nisanta yara daga murhu.

Rabon yaro

Jariri nonon uwa kaɗai yake bukata har ya cika wata 6. Daga nan ana fara ba shi abinci mai laushi, ana ci gaba da ba shi nono. A ware masa dunƙule biyu kafin a sa yaji, gishiri ma kaɗan ƙwarai, kuma a rage tonka a miya, manya su ƙara a kwanonsu. Kada a ba shi dunƙule sukutum, yana iya shaƙe shi. A murƙushe shi sarai da cokali mai tsabta, a haɗa da ɗan romo da tuwo mai laushi ko dafaffen kabewa. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, don a ga abin da ya ci. Kada a bi shi da shayi, don shayi yana rage shigar ƙarfe cikin jiki.

Ajiya

A ci abincin da zafinsa. Dafaffen nama kada ya wuce awa 2 a ajiye a ɗaki. Mai firiji ya sa saura a ciki a rufe, ya cinye cikin kwana 2 ko 3. Wanda ba ya da shi ya dafa daidai cin gida. In an zo ɗumame, a bari miyar ta tafasa sosai, dunƙule ya yi zafi har ciki.

Wanda ba ya da tukunyar matsi

Kada rashinta ya hana. A bi matakan nan duka da tukunyar gida mai murfi. A ƙara ruwa kaɗan, a rufe, a bar miya tana tafasa a hankali minti 30, sannan a raba dunƙule ɗaya a duba tsakiyarsa. Icce ne kawai zai fi tafiya. Mata maƙwabta ko ƴan adashi suna kuma iya haɗa kuɗi su sayi tukunya guda mai kyau, su riƙa karɓa-karɓa, muddin kowace ta koyi dokokinta kafin ta ɗora ta a wuta.

In bayan cin nama yaro ya kama zawo ko amai, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti, a ci gaba da ba shi nono. In an ga jini a zawon, ko zazzaɓi, ko ya kasa sha, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.