Adlestrop, ƙauyen da ya rasa tasharsa ya riƙe allon sunanta

A gundumar Gloucestershire ta Ingila, cikin tuddan Cotswold, akwai wani ƙauye mai suna Adlestrop, wanda mutanensa ba su kai ɗari biyu ba. Gidaje ne na dutse, da cocin Saint Mary Magdalene, da gonaki har bakin kogin Evenlode.

Ƙauyen tsoho ne. A babban kundin ƙidayar filaye na 1086, wanda ake kira Domesday, an rubuta shi cikin mallakar gidan sufayen Kirista na Evesham. Bayan Sarki Henry na Takwas ya rushe irin waɗannan gidaje, wani attajirin Landan, Thomas Leigh, ya sayi ƙasar a 1553, zuriyarsa kuma ta riƙe ta ɗaruruwan shekaru. Daga wannan dangi mahaifiyar marubuciya Jane Austen ta fito, shi ya sa Jane ta zo ziyara sau uku tsakanin 1794 da 1806, tana sauka a gidan limamin cocin, wanda ɗan'uwan mahaifiyarta ne.

Jirgin ƙasa bai iso ba sai 1853, lokacin da aka buɗe layin da ya haɗa Oxford da Worcester da Wolverhampton. Shekara goma bayan haka kamfanin Great Western ya haɗiye layin. Tashar ma ba cikin ƙauyen aka gina ta ba, tana can ƙasa kusa da kogi, sai mutum ya taka kafin ya kai.

Abin da ya fito da sunanta ya faru ne ranar 24 ga Yunin 1914. Wani jirgi daga Landan ya ɗan tsaya a tashar da tsakar rana, cikinsa akwai marubuci Edward Thomas, kan hanyarsa ta zuwa wurin abokinsa Ba'amurke, mawaƙi Robert Frost. Thomas bai sauka ba. Ya dai rubuta abin da ya gani ta taga a ɗan littafinsa na aljihu. Kwana huɗu kacal bayan nan aka harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya a Sarajevo, yaƙin duniya na farko ya kunno kai. A farkon 1915 Thomas ya mayar da rubutun nan waƙa mai ɗango goma sha shida, ya sa mata sunan ƙauyen. Ya shiga soja, aka kashe shi a fagen daga na Arras a Faransa ranar 9 ga Afrilun 1917, waƙar kuma ta fito a jarida bayan ya mutu. Ingilawa sun rungume ta, domin a wurinsu hoton zaman lafiyar karkara ce kafin yaƙi.

Waƙa ba ta biyan albashin ma'aikata. A 1963 Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya, ya fitar da rahoton da ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da layin da ya kai kusan mil 5,000, saboda asarar da ake tafkawa. Har yau akwai masu tsine masa, kuma garuruwa da yawa suna da gaskiya. Amma ni a ganina, kan Adlestrop lissafinsa bai yi kuskure ba: ƙauye ƙarami, tasha nesa da gida, ga motoci sun wadata. Aka rufe ta ranar 3 ga Janairun 1966, aka rushe gine-ginen, sai gidan shugaban tasha da ya koma gidan zama.

Mutanen ƙauyen sun ceto ɗaya daga cikin manyan allunan sunan tashar, suka kafa shi a rumfar jiran bas, tare da benci na tashar da aka manna wa waƙar. Layin kansa bai mutu ba, jirage na wucewa kullum. Mai son zuwa sai ya sauka a Kingham ko Moreton-in-Marsh, ya nemi tasi, ko ya ƙarasa da ƙafa ta cikin gonaki.