Kafin ka zargi dikoda: Yadda za ka gano abin da ke cinye siginar talabijin ɗinku

A kusan kowane gida akwai matashin da aka ɗora wa aikin talabijin ba tare da an nemi shawararsa ba. Da zarar hoto ya daskare ko ya farfashe ya zama ƙananan akwatuna, shi ake ƙwala wa kira: "Kai, hau ka juya eriya!" In juyin bai yi ba, sai a yanke hukunci cewa dikoda ce ta lalace, a kai wa mai gyara ko a sayo sabuwa. Kuɗi ya tafi, matsala kuma tana nan, domin sau da yawa laifin yana jikin waya ne ko bakinta.

Tun daga ranar 30 ga Afrilu, 2016 da Najeriya ta ƙaddamar da sauya tsarin talabijin zuwa na dijital a Jos, aka biyo da Abuja a Disambar shekarar, Kaduna a 2017, Kano kuma a 2021, gidaje da dama sun koma kallo ta dikoda da eriya, ko ta FreeTV, ko GOtv, ko StarTimes. Sai dai halin sabon tsarin daban yake da na da. A tsohon tsari, idan sigina ta yi rauni hoto yakan yi yayyafi, amma a daure a kalla. Na dijital ba ya haka. Yana nan tangararau har sigina ta sauka ƙasa da wani mataki, sai ya yanke gaba ɗaya. Shi ya sa ɗan lahani kaɗan kan ɗauke tasha sukutum.

Fara daga cikin ɗaki

Kafin ka nemi tsani, danna maɓallin "Menu" a rimot ɗin dikoda. Idan bai fito a allo ba, to tsakanin dikoda da talabijin ne matsalar take: ko wayar HDMI ko ta AV ta saki, ko wani ya sauya layin da talabijin ke karɓar hoto. Idan ya fito, karanta saƙon da ke allon. A GOtv, alal misali, E16 magana ce ta biyan kuɗin wata, E48-32 kuwa ita ce ta rashin sigina. Ko kwana ka yi kana juya eriya, ba za ta biya maka kuɗin wata ba.

Daga nan shiga shafin bayanin sigina. Za ka ga layuka biyu, "Strength" da "Quality". Na farko ƙarfin abin da ke shigowa ne, na biyu kuma tsabtarsa. Kamar mai magana ne a tsakiyar kasuwa: muryarsa na iya yin ƙarfi, amma hayaniya ta hana ka fahimtar abin da yake faɗa. Layi na biyu shi ne abin lura. Idan ƙarfi ya yi sama amma tsabta tana ƙasa ko tana rawa, akwai abin da ke gurɓata siginar a hanya.

Waya da bakinta

Kwance bakin wayar da ke bayan dikoda ka duba. A tsakiya akwai tagulla guda ɗaya, a kewaye kuma akwai saƙar siraran wayoyi. Idan sili ɗaya daga saƙar nan ya taɓa tagullar, sigina ta mutu ke nan. Yanke bakin, ka fere shi da kyau, ka sake ɗaurawa.

Sai ka bi wayar har waje. Ranar bazara tana busar da robarta ta tsattsage, ƙofa da taga suna matse ta, ɓera ma yana cin rabonsa. Duk inda aka yi mata haɗi da salatif, wurin asara ne. In za ka sayi sabuwa, nemi mai kauri da ake kira RG6, guda ɗaya daga eriya har dikoda, kada ta wuce tsawon da ake buƙata. Araha ba ta ado. Haka kuma ƙarfen da ake raba waya ɗaya zuwa talabijin biyu yana raba ƙarfin siginar ne gida biyu, don haka cire shi ka gwada.

Mutane da yawa sukan ce ruwan sama ne ke ɗauke musu tasha. Wannan halin dish ne, wanda siginarsa ke saukowa daga tauraron ɗan'adam ta ratsa hadari. Siginar eriya tana tafiya ne a zangon UHF, kuma ruwan sama bai cika tare ta ba. Idan tasharku tana ɓacewa da damina, to ko iska ce ke kaɗa sandar, ko ruwa ya shiga cikin wayar. Buɗe ɗan akwatin da ke jikin eriya, in ka ga tsatsa ko tagulla ta yi kore, ka kama ɓarawon. Bayan gyara, ka lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kaɗan kafin ta shiga bango, yadda ruwa zai ɗiga a waje.

Sannan eriya

Eriya tana son ta fuskanci turken da ke watsa shirye-shiryen. Hanya mafi sauƙi ita ce ka dubi rufin maƙwabtan da ke amfani da irin dikodarku: ina tasu ta kalla, kuma haƙarƙarinta a kwance suke ko a tsaye? Yi yadda suka yi. Ka ɗaga ta sama da rufin kwano sosai, ka kauce wa tankin ruwa, dogon bene da bishiya mai duhuwa. Wajen juyawa, a bar shafin sigina a buɗe, ka matsa kaɗan, ka dakata daƙiƙa biyar zuwa goma kafin na cikin ɗaki ya faɗa maka lambar, domin dikoda ba ta nuna canji nan take. In an samu inda tsabta ta fi yawa, ɗaure tamau, sannan ka sa dikoda ta sake neman tashoshi.

Busta ba maganin komai ba ce. Tana ƙara ƙarfin sigina tare da hayaniyar da ke cikinta, kuma ga wanda ke kusa da turke tana iya cika wa dikoda ciki har hoto ya ɗauke. Amfaninta yana ga na nesa ko mai doguwar waya. Idan eriyarku mai busta ce a ciki, tabbatar an kunna "Antenna Power" a dikoda, in ba haka ba ba za ta yi aiki ba.

Lura kuma da lokacin da matsalar ke zuwa. Idan sai an tayar da janareta, ko an kunna wani ƙwan lantarki mai araha, ko an jona caja kusa da dikoda, to kashe su ɗaya bayan ɗaya har ka gano mai laifin. Idan kuwa duk layinku ne babu sigina, matsalar daga tasha take, haƙuri ne maganinta.

Ranka ya fi kowace tasha

Sandar ƙarfe da wayar lantarki ba sa ga maciji. Kafin ka ɗaga sanda, dubi sama, ka tabbatar ko faɗuwa ta yi ba za ta kai ga wayar wuta ba. Kada ka hau rufi idan hadari ya haɗo ko kwano yana jiƙe, kada kuma ka hau da dare. Taka inda layin ƙusa yake, nan ne katako ke ƙasa, kuma a samu mai riƙe maka tsani. Idan aka fara tsawa, zare wayar eriya daga dikoda. Gidan bene kuwa, a kira mai sana'ar, kada garin neman gira a rasa ido.

Wanda ya iya bin waɗannan matakai a jere ya riga ya kama hanyar sana'a, domin filaya, wuƙa da 'yan bakunan waya sun isa fara gyara a unguwa. Amma fara da na gidanku, tun kafin iskar farkon damina ta taso ko ranar babban wasa ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya.